Sana'ar Bin Salsala: Daga Bakin Tsofaffi Zuwa Takardun En'e

Aikina bin salsalar gidaje. Mutum zai zo ya ce yana son sanin kakan kakansa, daga ina ya taso, me ya kawo shi garin da zuri'arsa take zaune. Ni kuma in shiga tsofaffin takardun gunduma da na kotun alƙali in tono abin da aka rubuta, in gwama shi da abin da dattawan gidan suka riƙe a ka. Mu uku ne a ɗan ofishinmu a Kano: ni, da wani matashi da ya karanta tarihi a jami'a, da wani malamin zaure da tsohon rubutun Larabci da ajami ba sa yi masa gardama.

Da tsohuwa nake fara aiki kafin takarda. Maza sun fi riƙe sarauta da yaƙi, amma mata ne suka san wa ya auri wa, wa ya sha nonon wa, wace ce ta fita da ciki. Ba na tambayar ta shekara, don ba da lamba ta ajiye ta ba. Sai in ce, "Inna, da aka kawo ki gidan nan, Sarauniya ta zo ko ba ta zo ba?" In ta ce a damina ta gaba ne, na san muna 1956, shekarar da Sarauniyar Ingila ta zo Najeriya. In ta ce mahaifinta yana goye aka yi yunwar Kakalaba, to wajen 1914 ke nan. "Zamanin Sarki Alhaji" kuwa tsakanin 1926 da 1953 ne, mulkin Abdullahi Bayero. Da irin waɗannan turaku nake ɗaure kowane suna kafin in doshi Kaduna.

Bayan Turawa sun ci Kano da Sakkwato a 1903, an tura hakimai su zauna a gundumominsu, kuma haraji da jangali suka sa dole a rubuta komai. Di'o, wato Baturen mulki, ya fita rangadi, ya ƙirga gidaje da gonaki da shanu, ya rubuta yawan masaƙa da marina da maƙera, ya kuma tambayi dattawa wa ya sari garin da jerin dagatan da suka yi. Yawancin waɗannan rahotanni suna Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, an jera su lardi-lardi. A nan ake gane wanda ya san hanya. Mai neman labarin wani ƙauyen Katsina na 1920, in ya tsaya a takardun Lardin Katsina kaɗai zai iya dawowa hannu rabbana, domin a lokacin Katsina tana ƙarƙashin Lardin Kano, a 1926 aka mayar da ita Lardin Zariya, sai a 1934 ta zama lardi mai cin gashin kanta. Haka nan wanda ya ce min shi ɗan Jigawa ne, a takardun Kano nake nemo kakansa, don sai 1991 aka yi jihar. Muna kuma leƙa Arewa House, tsohon gidan Sardauna da ya zama cibiyar bincike a 1970, da Gidan Ɗan Hausa a nan Kano, da cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato.

Sai dai rahoton Bature masu sarauta ya fi sani. Talaka a kotun alƙali ake samunsa, musamman a rajistar rabon gado, kuma ita ce abin da na fi so a duk aikin nan. Shafi ne da ya yi ja don tsufa, tawada ta ci takardar har ta ɓullo baya. A ciki za ka ga wane ya rasu ya bar mata biyu, 'ya'ya maza uku da mata huɗu, kowa da sunansa da rabonsa, sannan tarika: jaki ɗaya, riga saƙi, damin dawa kaza, bashin da ake bin sa da wanda yake bi. Layi goma kacal, amma ga gida guda cur, har da sana'ar mai gidan.

Wajen kawuna na koyi karanta irin wannan. Ya yi aikin rubutu a wata kotun alƙali tun zamanin En'e, wato hukumar gargajiya ta sarakuna, kuma da ya yi ritaya yakan zaunar da ni a zaure bayan la'asar ya buɗe gafakarsa. Ya hana ni lasar yatsa in zan juya shafi. Ya nuna min yadda kowane magatakarda yake da nasa hannun, wani ya jefar da ɗigo, wani ya haɗe suna biyu. In kalma ta gagare mu sai ya ce, "Ɗana, abin da idonka bai gani ba, bar gurbinsa fari." Har yau haka nake miƙa aiki, da gurabunsa.

Shi ya sa raina yake ɓaci da masu buga bishiyar zuri'a a shagon kwamfuta. Dare ɗaya su jero maka suna ashirin, su yi ado da kore da ruwan zinare, kuma kowa sai sun kai shi ga Shehu Usmanu, ko Bayajidda, ko sharifai. Lissafi kaɗan yake tona su. Shehu ya rasu a 1817. Wanda aka haifa a 1960, in suna biyu ne rak tsakaninsa da Shehu, sai a binciki shekarun kowa da kyau, don galibi an tsallake wasu ko an yi ƙari. Amma mai aiki zai zo ya ce, "Haba Malam, wancan fa kwana biyu ya yi min, kuma bai kai rabin kuɗinka ba." Nakan ce, "Alhaji, ya nuna maka lambar fayil ko ɗaya?" Irin wannan takarda ce gobe ake ɗauka a shiga rigimar gona ko ta sarauta da ita, a raba zumunci a kan ƙarya.

Akwai abin da takarda kan fito da shi mai nauyi. Turawa sun ce duk wanda aka haifa bayan ƙarshen Maris na 1901 ɗa ne ba bawa ba, amma sai 1936 aka soke bauta gaba ɗaya a Arewa, kuma a tsakanin nan kotuna sun rubuta mutane da yawa da suka fanshi kansu. In na ci karo da sunan kakan wani a nan, ba na aika shi ta waya. Babban gidan nake samu shi kaɗai in nuna masa shafin. A wurina mutumin da ya yi murgu, wato yana neman na kansa yana biyan ubangijinsa, shekara da shekaru har ya sayi 'yancinsa abin alfahari ne, amma mai gida ke da ikon faɗa wa 'ya'yansa.

Daga waje ma ana nemanmu: jikokin waɗanda suka yi gabas bayan yaƙin Burmi da Turawa suka zauna Mai Wurno a Sudan, da 'yan zangon Kumasi da kakanninsu suka bi fataucin goro. Sau da yawa sunan unguwa ɗaya kawai suka riƙe, kuma yakan isa a fara.

Tun da aka rushe En'e a 1976 takardu da yawa suka warwatsu. Na shiga sito a wata ƙaramar hukuma na tarar gara ta cinye rabin rajista, don haka duk shafin da muka samu hotonsa muke ɗauka nan take. Mai aiki yana karɓar wannan hoto, da fassarar Hausa, da inda aka samo kowane suna, abin da ya fito daga baki kuma a rubuta daga bakin wa. Wanda zai zo, ya taho da sunayen da ya sani har da laƙabi, da sunan tsohuwar gundumarsu, da duk wata takardar haraji ko ta gona da ke ƙasan adaka. In kuma akwai tsohuwa a gidan, a fara kai mu wurinta tun tana da ƙarfin magana.