Tambaya ɗaya ta rushe mini aikin wata biyu

Har yau in na tuna ranar sai tafin hannuna ya yi gumi. Minti 20 aka ba ni in gabatar da takarda a gaban malamai da 'yan ajinmu na digiri na biyu, a kan yadda mutanen Girka da Rum na dā suke shakkar masu cewa abin bauta ya bayyana gare su. Na shiga ɗakin ina ji da kaina.

Farko komai sumul. Na kawo labarin Fisistaratus, mai mulkin birnin Atina da aka taɓa kora, wanda ya sa wa wata doguwar mace sulke, ya ɗora ta a karusa, aka shiga Atina ana shelar allahiya ce da kanta ta dawo da shi mulki, abin da marubucin tarihi Hirodotus ya kira wauta. Har dariya aka yi da na zo kan sanatan da ya rantse ya ga Agustus, sarkin Rum, yana hawa sama bayan mutuwarsa, matar marigayin ta ba shi tukuicin sestas (kuɗin Rum) miliyan 1.

Amma jigon takardar Selsus ne, masanin falsafar da ya yi wa Kiristoci raddi wajen shekara ta 178. Littafinsa ya ɓace, sai abin da Orijen, wani malamin Kirista, ya ciro cikin amsar da ya rubuta wajen 248, mai juzu'i 8. A juzu'i na biyu ne ake tambayar wa ma ya ga Yesu bayan tashinsa daga matattu, in ba mace ɗimautacciya ba, da wataƙila wani da ya yi mafarki ko yake son burge mutane. A kan wannan na gina komai. Na ce ga mutumin da ba ya yarda da bayyanar kowane abin bauta sai da hujja, tamkar ɗan kimiyyar zamani. Ashe kallon kitse nake yi wa rogo.

Wani dattijon malami a kujerar baya ya cire tabarau, ya goge da bakin riga, ya ce, "Malam, ka kai juzu'i na uku kuwa?"

Na ce, "Allah gafarta Malam, na ɗan leƙa." Ƙarya nake, ban buɗe ba.

Ya zaro nasa kwafin da bango ya kusa rabuwa, ya karanta sashe na 24 a hankali. Selsus ɗin nan nawa, shi ne yake cewa ɗimbin Girkawa da waɗanda ba Girkawa ba sun sha ganin Askilipiyos, abin bautarsu na waraka, shi kansa ba inuwarsa ba, yana warkarwa yana faɗin abin da zai faru. Ɗakin ya yi tsit. Kafin in farfaɗo dattijon ya ƙara da cewa maganar macen ma a bakin wani Bayahude Selsus ya sa ta, ni kuma na jingina masa kai tsaye.

Mako uku na yi ina karanta juzu'an nan takwas, ina cizon yatsa. Laifi tudu ne: Selsus ya taka na Askilipiyos ya hango na Kiristoci. Orijen ma da ya zo amsa, cewa ya yi ko an yarda Askilipiyos yana warkarwa, ai aljani ma zai iya. Abin da ya ƙara ƙona mini rai, Linjila kanta ta rubuta shakka: a Luka 24:11 almajirai sun ɗauki maganar matan tatsuniya, a Matiyu 28:17 wasu sun yi kokwanto, ga kuma Toma, almajirin da ya ce ba zai yarda ba sai ya gani da idonsa. Na san ayoyin sarai, na tsallake su da gangan don sun ɓata mini tsarin da na yi, masu shakka a gefe ɗaya, masu gaskatawa a ɗayan.

In za ka taɓa wannan fanni, kada ka tsaya a abin da marubuci ya ƙaryata, bi shi har inda ya gaskata nasa. Kuma in littafin mutum ta hannun abokin gabarsa ya iso gare mu, duba da kyau wa ke magana a kowane layi. Juzu'i ɗaya tal ya rage mini in tsira da mutuncina, ɗaya!

Na sake rubuta takardar daga tushe, ta kuma wuce. Amma shekara guda ke nan, duk inda muka haɗu da dattijon nan, ko a bakin masallaci ne, kafin in durƙusa sai ya ce, "Malam, ya Askilipiyos?"