Zanen da ƙanƙara ta bari a jikin dutse

Jiya na daɗe a tsaye cikin wani kwari a tsaunukan Alps na ƙasar Siwizalan, ina shafa dogayen layukan da ke jikin wani falalen dutse, duk sun miƙe sun nufi gangare. Wata makekiyar ƙanƙara ce ta karce su a zamanin da, tana tafiya sannu a hankali da tsakuwa a ƙarƙashinta. Abin da ya fi taɓa zuciyata shi ne, wani maharbi, Jean-Pierre Perraudin, ya gane haka tun 1815, amma masanin da ya faɗa wa bai gaskata shi ba. Sai a 1837 wani masani, Louis Agassiz, ya shaida wa taron masana a garin Neuchâtel na Siwizalan cewa ƙanƙara ta taɓa lulluɓe yankin, shi ma aka yi ta yi masa musu.