Kawo karen in gani

Shagona na maganin bisashe ne, ɗaki biyu da rumfa, nan cikin garin Maradi. Na buɗe shi bayan na gama karatun kiwo a Kollo, na kuma yi ƴan shekaru ina bin ayarin rigakafi ƙauye-ƙauye, daga Madarunfa har Dakoro. Mutane na kirana likita, na gaji da gyara musu na bari. Ni malamin kiwo ne, abin da ya kai ga wuƙa da ɗinki kuwa akwai dokta da nake kira.

Abincinmu a jikin awaki da tumaki da kaji yake. Mai jar akuya ya zo neman maganin tsutsar ciki, mai turkar ragon layya ya zo neman bitamin, mai kaji ya zo ranar da suka fara gyangyaɗi. Kare ba ya cikin lissafina ranar da na ɗaga ƙofar shago. Shi ya kawo kansa, kuma yawanci da kunne ya shigo.

Masu kare a garin nan kashi biyu ne. Akwai maharba da masu gonaki da garke, masu karnukanmu na gida, sirara, masu gajeren gashi. Akwai kuma alhazai da manyan ma'aikata da suka sayo karnukan Turawa don gadin gida, galibi irin na Jamus ɗin nan mai tsayayyun kunnuwa da gashi kamar bargo. Na farko da kansu suke zuwa, kare na biye da su. Na biyu kuwa maigadi suke turowa da jika biyar a hannu.

«Alhaji ya ce a ba shi maganin kunnen kare.»

«Ina karen?»

«Yana gida. Kunnen ne dai ke wari, yana ta kaɗa kai.»

«Koma ka ce wa Alhaji ina gaishe shi, a kawo karen in gani, ko a zo a ɗauke ni.»

Sau da yawa daga nan ciniki ya tashi. Maigadi ya wuce shago na gaba a miƙa masa kwalba ba tambaya. Na yi asarar kuɗi ba kaɗan ba a kan wannan magana, kuma ban fasa ba, don na taɓa miƙa kwalbar ni ma na ga abin da ta haifar.

A shekarata ta biyu ne. Wani dattijo maharbi daga wajen Tibiri ya aiko ɗansa, ya ce karyarsa tana sosa kunnen dama tun da suka dawo daga daji. Lokacin kaka ne, an gama yankan hatsi. Na ɗauko maganin ɗigawa mai jantamisin, wato sinadarin kashe ƙwayoyin cuta, na ba shi, na ce safe da yamma. Bayan kwana tara sai ga dattijon da kansa, ya ɗauko karyar a amalanke. Kanta ya karkace gefe guda, in ta tashi tafiya sai ta riƙa kewaya kamar wadda ta sha wani abu. Da dokta ya kwantar da ita ya leƙa, ƙarangiya ce ta shige can ƙasa, ƙayarta ta huda dodon kunne. Maganin da na bayar ya bi ta hudar ya gangara ciki, inda ji yake da abin da ke riƙe wa dabba daidaiton tafiya. Jantamisin da neyomisin magunguna ne masu kyau muddin dodon kunne na nan lafiya. In ya fashe, suna iya kurmantar da kare. An ciro ƙarangiyar, jirin ya ragu a hankali, amma kunnen nan bai ƙara ji ba. Dattijon bai zage ni ba. Cewa kawai ya yi, «Yaro, karyar da ba ta jin motsin zomo, mi za ni yi da ita cikin daji?» Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Watan da ya biyo na sayi fitilar duba kunne. Daga baya na samu tsohon madubin ganin ƙwayoyin cuta na kwance, har yau shi nake aiki da shi.

Abin da mutane ba su sani ba shi ne ramin kunnen kare ba miƙaƙƙe ba ne irin namu. Yana sauka ƙasa tukuna, sannan ya yi kwana ya nufi cikin kai, kamar lauje. Abin da ya faɗa ciki ba ya fitowa da sauƙi, ruwa in ya shiga ya kan kwanta, iska ba ta ratsawa sosai. Wanda ya ɗaga kunne ya haska tocila rabin hanya kawai ya gani. Kuma abin da ake kira ciwon kunne ba ciwo ɗaya ba ne, alamar ce ɗaya: kaɗa kai, sosawa da ƙafar baya, wari, kuka in an taɓa.

In na goga ɗan tsinken kaɗa a bakin ramin na shafa a gilashi, madubi ya kan faɗa mini wanda nake faɗa da shi. Wani lokacin ƴan ƙwari ne farare ƙanana masu ƙafafu, suna motsi cikin baƙar dauɗa busasshiya mai kama da garin gawayi. Waɗannan sun fi kama ƴan kwikwiyo da kyanwa, kuma suna yaɗuwa daga dabba zuwa dabba, don haka in gida akwai kare uku da mage, duka za a yi wa magani. Daga ƙwai zuwa babba ƙwaron na ɗaukar kamar mako 3, shi ya sa allura ɗaya ba ta isa, sai an maimaita bayan mako 2. Wani lokacin kuma yis ne, irin wanda dama yana zaune a fatar kare, sai ya samu laima da zafi ya yi yawa. Shi dauɗarsa ruwan ƙasa ce mai maiƙo, warinta kamar ƙullun da ya kwana biyu. Na fi ganinsa da damina, daga Yuli zuwa Satumba, musamman a karnukan Turawan da masu gadi ke yi wa wanka da tiyo suna watsa musu ruwa har cikin kunne. Na ukun su ne ƙwayoyin bakteriya, masu kawo mugunya. A cikinsu akwai wata mai taurin kai da ake kira Sudomonas, mugunyarta kore-kore, tana cinye fatar ramin ta bar gyambo, kuma magunguna da yawa ba sa jin ta. In na ga irin wannan ba na yin gaban kaina.

Sai kaska. Kaskar kare jar nan tana son lungun kunne da tsakanin yatsu, kuma ba a jikin kare kaɗai take zaune ba, tana ɓuya a tsagar bango da ƙasan ɗakinsa. Ka cire hamsin yau, in ba a yi feshi a makwancinsa ba, mako mai zuwa ka sake cire hamsin.

Akwai kuma wanda ba cikin kunne yake ba sam, amma shi aka fi kawo mini: bakin kunne ya tsattsage yana jini, ya yi ɓawo baƙi. Ƙuda ne mai cizo, wanda ke hayayyafa cikin jiƙaƙƙen taki da ragowar harawa. A Maradi kuwa gida nawa ne ba turken rago? Sai a ɗaure kare dab da turken, rana ta buɗe, ƙudaje su taru a kan tsinin kunnensa. Maganin wannan rabinsa tsintsiya ce da shebur: a kwashe taki, a matsar da kare inuwa nesa da turke, a wanke gyambon a shafa man da ke korar ƙuda. Wasu maharba kan yanke kunnen kwikwiyo tun yana ƙarami, su ce maganin ƙaya da ƙuda da cizon abokin faɗa ke nan. Mun sha gardama da su a rumfar nan. Yankan ba ya hana ciwon cikin rami, don ramin na nan inda yake.

Kafin kare ya iso wurina, yawanci an riga an gwada masa na gida. Na ga kunnen da aka zuba wa baƙin mai na mota, na ga na kananzir, na ga na ruwan omo, na ga wanda aka ɗura wa maganin feshin kaskar shanu ba a ko sirka ba. Fatar cikin ramin ta fi ta leɓe laushi, ga ta da ciwo, a zuba mata wuta. Wasu kuma su ba shi ƙwayar ciwon jiki tasu ta mutane, ibuprofen ko diklofenak, wai don ya samu barci. Waɗannan suna huda cikin kare su lalata ƙoda. Sai ibamektin, maganin tsutsa da ƙwarin jikin dabbobi, wanda a wurin makiyayanmu ya zama maganin komi da komi. Yana kashe ƙwarin kunne, gaskiya ne, amma ba ruwansa da yis ko bakteriya, kuma na kwalbar shanu ne, in aka auna wa kare da ido ana iya wuce kima. Akwai ma jinsin karnukan Turawa da ba sa ɗaukarsa.

Aikin kansa ba shi da wuya, haƙuri yake so. Farko takunkumi, ko da mai kare ya rantse ba ya cizo, kuma tambayata ta farko ita ce ko an yi masa rigakafin hauka. Yaron shagona, ɗan ƙanwata, shi ke rungumar kare ta baya. In na leƙa na ga dodon kunne lafiya, sai in cika ramin da ruwan wanki, in murza gindin kunne da yatsu kamar minti ɗaya har in ji yana caɓal-caɓal, in saki kare ya kaɗa kansa. Nan ne rigar mutum ke shan ado. Sai in naɗe kaɗa a yatsa in share iya inda yatsa ya kai. Tsinken goge kunne ba ya shiga ciki, don tura dauɗar yake yi ya danƙare ta a kwanar nan. In ban iya ganin dodon ba saboda kumburi ko mugunya, ruwan gishirin asibiti kawai nake sawa, shi ba ya ɓarna ko da akwai huda. Bayan kunne ya bushe sannan magani, gwargwadon abin da madubi ya nuna.

Daga nan aiki ya koma hannun mai kare, kuma nan muke samun saɓani. Maganin ɗigawa kwana 7 zuwa 14 yake so, wani ciwon ma fiye. Amma cikin yawancinsu akwai sinadarin da ke kwantar da ƙaiƙayi da kumburi, to kwana uku kare ya daina sosawa, wari ya ragu, sai a ajiye kwalba a kan taga. Bayan wata guda ciwo ya dawo, kuma ƙwayoyin da suka rage su ne masu ƙarfin. Kunnen da aka yi ta yi wa haka shekara da shekaru fatarsa kan yi kauri, ramin ya tsuke har bakin fitila ba ya shiga. Dabarar da na samo ita ce in haɗa kuɗin dubawa ta biyu cikin na farko. Bahaushe in ya riga ya biya, zai dawo ya karɓi abinsa.

Kare mai yawan kaɗa kai kuma wata rana jijiya kan fashe a cikin fatar kunnen, jini ya taru, kunne ya kumbura kamar fanke. Masu shi kan huda da allura ko aska, ya sace, gobe ya sake cika. Wannan sai dokta ya tsaga ya ɗinke, kuma in ba a magance abin da ya sa shi kaɗa kan ba, ɗayan kunnen na nan tafe. Wanda ciwonsa ke dawowa duk shekara, kunne biyu, yana kuma lasar ƙafafu, shi matsalarsa a fata take, jikinsa ne ba ya shiri da wani abinci ko wani abu a muhallinsa. Wannan na kan gaya wa mai shi gaskiya tun farko, lallaɓawa za a yi ta yi.

Maganin kunnen kare ba kaya ne mai gudu ba, ba na ajiye fiye da ƴan kwalabe. Wasu daga Yamai suke zuwa, wasu ta Kano da Katsina. Da Najeriya ta rufe iyaka a watan Agustan 2019, da kuma rufewar 2023 da ta zo da yanke wuta, mun ji jiki. Allurar rigakafi sanyi take so, na yi ta sayen ƙanƙara ina lallaɓa firji. A irin lokacin ne jabu ke cika kasuwa, kwali mai kyau, rubutu ras, ciki ruwa. Kwalbar da ta yini a kan tire cikin ranar Afrilu ma, ko ta gaske ce, ta tashi aiki.

Akwai masu tambayata yadda nake taɓa kare in kuma je masallaci. Nakan ce musu mu Malikawa ne, su tambayi limaminsu, kuma karen farauta da na gadin garke da gona addini bai hana ba. Ina da riga ta aiki daban, ina da sabulu da buta a bayan shago.

Dattijon nan na Tibiri ya rasu shekarun baya. Ɗansa ne ke farautar yanzu, kuma duk ƙarshen kaka ya kan zo da karnukansa huɗu a duba musu kunne kafin su shiga daji. Bara na ciro ƙarangiya biyu daga kunnen ƙaramin cikinsu, ya karɓa ya ƙulle a leda ya ce zai kai wa abokansa su gani. Kuɗin bai cika ba, ya cike mini da zabi biyu.