Abin da na koya a aji kan dokar laifin ƙiyayya

A zangon da ya wuce malaminmu na dokar laifuka ya ba mu aiki kan dokar laifin ƙiyayya ta Amurka, wato wadda ke ƙara wa mutum hukunci idan ya zaɓi wanda zai cutar saboda launin fatarsa ko addininsa ko asalinsa. Ajin ya rabu gida biyu, kuma masu adawa ba shirme suke faɗa ba, cewa suke duka ai duka ne, kisa kisa ne, don me jinin wani zai fi na wani tsada a gaban alƙali? Wasu suka ƙara da cewa wannan hukunta tunani ne, alhali gwamnati ba ta da hurumin leƙa zuciyar mutum.

Toh ni abu na farko da na gane shi ne shari'a dama can niyya take dubawa, ko a fiƙihu da muka taso muna ji ai kisan ganganci daban, na kuskure daban, alhali gawa ɗaya ce a kwance.

Amma shari'ar da ta fi tsaya min a rai ita ce ta Todd Mitchell, wani matashi baƙar fata a garin Kenosha na jihar Wisconsin. A 1989 shi da abokansa suna hirar wani fim kan zaluncin da aka yi wa baƙaƙe, sai ga wani yaro Bature ɗan shekara 14 zai wuce, Mitchell ya nuna shi ya ce su far masa, suka yi masa dukan da sai da ya kwana huɗu bai san inda kansa yake ba. Laifin a ƙa'ida bai wuce ɗaurin shekara 2 ba, amma da yake launin fata ne ya sa aka zaɓi yaron aka ba shi 4, kuma a 1993 Kotun Ƙolin Amurka ta tabbatar, alƙalai tara babu wanda ya saɓa. Ka ga kenan dokar ba ta ce baƙi ko fari ba, cewa ta yi launin fata, kowa yana da shi, kowa tana iya kare shi kuma tana iya hawa kansa.

Inda gizo ke saƙar wajen aiwatarwa ne. A Fabrairun 2015 a garin Chapel Hill na jihar North Carolina wani maƙwabci ya harbe ɗalibai Musulmi uku a gida, Deah Barakat da matarsa Yusor Abu-Salha da ƙanwarta Razan, tashin farko 'yan sanda suka ce rigimar wurin ajiye mota ce. Mahaifin 'yan matan, likita ne, ya yi ta nanata cewa 'yarsa ta sha faɗa masa mutumin nan ya tsane su saboda shigarsu. A 2019 maƙwabcin ya amsa laifi aka yi masa ɗaurin rai da rai har uku, amma ba a tuhume shi da laifin ƙiyayya ba. Wallahi wannan ya dame ni, don ba ƙarin shekaru iyayen ke nema ba, me za a ƙara kan rai da rai? So suke hukuma ta faɗi dalilin da ya sa aka kashe musu yara, tunda duk mai hijabi a garin ta san saƙon har da ita. Shi ya sa nake bayan dokar, amma a takardata na rubuta cewa dole a riƙa bin diddigin ɗan sandan da ya fara rubuta rahoto da mai gabatar da ƙara, don su ne ke zaɓar shari'ar da za a kira ta ƙiyayya da wadda za a bari a matsayin rigimar fakin.