Makin aikin gida: yaron nake aunawa ko gidansu?

A shekarata ta huɗu da fara koyarwa aka ɗauke ni daga wata makaranta da ke unguwar ma'aikata aka tura ni ƙauye. Na tafi da littafin maki da tsarina, ina ji da kaina. A tsohuwar makarantar, aikin gida ne ke cin kashi 20 cikin 100 na sakamakon zango, kuma ban taɓa ganin aibin hakan ba. Kusan kowa na kawowa a rubuce tsaf, wani har da sa hannun mahaifi a ƙasa. Ni a zatona ƙwarewata ce.

Mako uku a sabon wuri, littafin ya cika da sifili. Akwai wata yarinya a aji biyar mai zama kusa da taga, wadda in na jefa tambayar lissafi, kafin in rufe baki ta ɗaga hannu. Amma aikin gida ko sau ɗaya ba ta kawo shi cikakke ba. Ranar da haƙurina ya ƙare na tsayar da ita gaban aji na ce, "Ke, wayon naki a baki kawai ya tsaya? Ina aikin?" Ta sunkuyar da kai ta ce, "Malam, fitila ce." 'Yan aji suka yi dariya, ni kuma na zana mata wani sifilin.

Wani dattijon malami da ya ji labarin a ofis bai yi mini faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Ƙanena, ka taɓa taka ƙafa gidansu?" Ranar hutun mako muka tafi tare. Tafiyar ta ci mana kusan awa guda, wato hanyar da take bi sau biyu kullum. Mahaifiyarta ta shimfiɗa mana tabarma tana ta sannu da zuwa, a tsorace, don a tunaninta laifi aka zo kawowa. Tocila ɗaya ce a gidan, kuma maigidan ke fita da ita wurin gadi da dare. Daga dawowar yarinyar har faɗuwar rana ruwa take ɗebowa, ga ƙanne uku a hannunta. Babu wanda ya iya karatun boko a gidan da zai duba mata ko layi ɗaya. Ta ɗauko mini littafinta daga cikin wata leda da ta rataye a ƙusa saboda ɗigar ruwa, na buɗe na ga jan birona shafi bayan shafi. Tocilar nan da nisan hanyar nan nake ta ba wa sifili, sunanta kawai ke saman takardar.

Daga baya na gane cewa abin da na gani a kan tabarmar nan tsohon zance ne a wurin masana. A 1966 gwamnatin Amurka ta fitar da rahoton wani bincike da James Coleman ya jagoranta, wanda ya shafi ɗalibai fiye da 600,000. An sa ran zai nuna cewa gine-gine da kayan aiki da kuɗin da ake kashe wa makaranta su ke raba mai ci da mai faɗuwa. Sai ya nuna cewa halin gidan da yaro ya fito, da irin yaran da yake zama da su a aji, sun fi waɗancan tasiri. An yi ta jayayya a kan rahoton, kuma ni ma ba na yarda a mai da shi hujjar barin makaranta ba rufi. Amma kashi 20 ɗin nan nawa, a unguwar ma'aikata, ladan iyaye ne masu teburin karatu da wutar lantarki da lokacin zama da yaro. Kyauta nake raba musu ina kiranta sakamako.

Bayan shekara uku aka sake mai da ni wata makaranta a gefen birni, cikin unguwa mai cunkoso. Na zo da tunanin ai yanzu na san talauci. Ashe ba iri ɗaya ba ne. A ƙauye, rashin zuwa makaranta yana da lokacinsa: da shuka da girbi aji ke raguwa gaba ɗaya, ka san ranar tafiya, ka san ranar dawowa, kana iya jinkirta darasi mai wuya har su dawo. Kuma kowa ya san ɗan kowa. Yaro ya laɓe a hanya, kafin azahar labari ya isa gidansu. Babban ciwon can shi ne nisa, da malaman da ba sa zama, kowa na neman a mai da shi gari (ni ma na nema, ba zan ɓoye ba), da rashin wani babba a kusa wanda karatu ya kai shi wani matsayi da yaro zai gani da idonsa.

A gefen birni makaranta na nan kusa, akwai wuta jefi-jefi, har waya akwai a yawancin gidaje. Amma ajina ya haura yara tamanin. Iyali guda a ɗaki ɗaya, ga hayaniya har tsakar dare. Iyaye na fita neman abin rufin asiri tun asuba, maƙwabci bai san sunan ɗan maƙwabci ba. Wannan ya yi fashi yau, wancan gobe, babu tsari balle ka shirya masa. Kuɗin haya ya gagara, iyali su tashi tsakiyar zango, yaro ya ɓace daga rajista ba sallama, wani sabo ya maye gurbinsa da littafin da bai yi kama da namu ba. Kuma waɗannan yaran kullum suna ganin masu kuɗin da ba karatu ne ya ba su ba, sai ka rasa amsar da za ka ba mai shekara goma sha biyu in ya tambaye ka amfanin abin.

Abu na farko da na yi shi ne na cire makin aikin gida, na mai da minti ashirin na ƙarshen darasi lokacin yin sa a gabana. Na biyu, na kira su ɗaya bayan ɗaya na ba kowa gajeren labari ya karanta. Abin da na gani ya kashe mini jiki: a aji biyar akwai masu haɗa baƙi da kyar. Ba mu kaɗai ba ne. A 2019 Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa kashi 53 cikin 100 na yara masu shekara goma a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin arziki ba sa iya karanta gajeren rubutu su fahimta. Na ari dabarar ƙungiyar Pratham ta Indiya, wadda Abhijit Banerjee da Esther Duflo, da suka samu kyautar Nobel a 2019, suka yi shekaru suna gwadawa: a raba yara bisa matakin da suke a zahiri, na ɗan lokaci kowace rana, a ajiye zancen wane aji suke. Masu haruffa gefe, masu kalmomi gefe, masu labari gefe. Manhaja ta yi jinkiri, na kuma sha tambaya a kan haka, amma kafin ƙarshen shekara rukunin haruffa ya kusa watsewa.

Wanda ya ci tura shi ne darasin yamma kyauta da na buɗe da kyakkyawar niyya. Waɗanda suka zo su ne waɗanda gidansu ke iya sakinsu da yamma, wato mafi ƙarancin buƙata. Na ƙara wa mai ƙarfi ƙarfi har wata biyu kafin na lura.

Dogon hutu ma ya koya mini abu. Masu binciken Jami'ar Johns Hopkins sun fara bin yara kusan 800 a birnin Baltimore na Amurka tun 1982, suka ga cewa lokacin karatu 'ya'yan talakawa na ci gaba kusan daidai da sauran, sai a hutun bazara tazarar ke buɗewa. Tun da na san haka nake ba da makon farko na kowane zango ga maimaici, ina kuma ba yara aron littattafan labari su tafi da su. Wasu littattafan ba sa dawowa, na haƙura.

Kuskuren da ya fi ba ni kunya tausayi ne ya jawo shi. Da na san halin gidajensu, sai na fara sassauta musu, ina ba su tambayoyi masu sauƙi, ina yaba abin da bai kai ba. Wani yaro da ke aiki a garejin gyaran mota bayan an tashi ya tsaya bakin ƙofa wata rana ya ce, "Malam, me ya sa ni ba ka ba ni irin na su wane? Ka ga kamar ba zan iya ba ne?" Ban sami amsa ba. Washegari na ba shi mai wuyar. Ya faɗi biyu cikin biyar, ya zauna lokacin tara yana gyarawa, da baƙin mai a gefen takardar.

Yarinyar taga kuwa ta ci jarrabawar gama firamare da maki mai kyau. Sakandare mafi kusa da su ta ninka waccan tafiyar nisa, kuma lokacin da na bar ƙauyen iyayenta na kan shawara. A littafin makina na yanzu, inda aikin gida yake a da, akwai layi biyu a gaban kowane suna: minti nawa yake yi kafin ya iso, da wanda ke gida in ya koma.