Tayar wutsiya

Yau da la'asar na zauna haɗa ɗan samfurin jirgin saman yaƙi na Spitfire, wanda kamfanin Airfix ya ƙera, mai ma'aunin 1/72, wanda fukafukinsa na mita 11 da ɗoriya suka dawo santimita 15 da rabi a kan tebur. Na ɗauko tayar wutsiyar jirgin da hantsaki, abu kamar ƙwayar shinkafa, na ɗan matsa fiye da kima, sai ƙyas! Ta tashi. Na durƙusa, na kwantar da fitilar waya a ƙasa don inuwa ta tona ta, na bi tabarma saƙa-saƙa. Na tsinci maɓalli, na tsinci ƙwayar gero ɗaya da har na yi wa murna kafin in gane.

Ina cikin haka Hajiya ta leƙo, ta ce, "Kai da gemunka, me kake rarrafe a kai?" Na nuna mata hoton tayar a takarda. Ba ta tanka ba. Ta sa aka share ɗakin, ta zuba sharar a faifai, ta zauna bakin ƙofa inda haske yake, tana bi da yatsa ɗaya yadda take tsince tsakuwa a shinkafa tun muna yara. Can ta miƙo tafin hannu, "Wannan ce?" Ita da yanzu sai an zura mata zare a allura. Tayar na nan cikin murfin kwalba, ban manna ba tukuna. Na manta rabon da in zauna in kalli hannun Hajiya haka.