Jakar ƙarƙashin kujera: abin da na koya a jiragen araha na Turai

Jama'a, tun da na sa hotunan tafiyata Italiya ake ta tambayata a waya wai ya aka yi na yi kwana huɗu da 'yar jaka ɗaya a baya, shi ne na ce bari na zauna na rubuta gaba ɗaya, musamman saboda ƙannenmu da suke zuwa karatu nan Hungary da maƙwabta, don wallahi ina jin ciwo in na ga yaro sabon zuwa a bakin shiga jirgi yana zaro katin banki hannu na rawa.

Ni ma hakan ta faru da ni a shekarata ta farko. Na samu tikiti mai araha sosai, na je kasuwa na sayi ƙaramin akwati mai taya, mai shagon ya ce ai wannan na cikin jirgi ne, kuma bai yi ƙarya ba, na cikin jirgi ne amma na sama, wanda ake sawa a ma'ajiyar da ke saman kai, ita kuwa a jiragen araha sai ka biya. Muna kan layi wata ma'aikaciya ta nuna min wani keji na ƙarfe ta ce na saka. Jikin akwatin ya shiga, tayoyin da mariƙin suka tsaya a waje. Kuɗin da na biya a wurin ya fi kuɗin tikitin kansa, kuma kuɗin cefanena ne na sati. Har muka sauka raina a ɓace yake.

To ga yadda abin yake. Waɗannan kamfanonin kujera kawai suke sayar maka, sai jaka guda ɗaya da za ta shige ƙarƙashin kujerar da ke gabanka, ita ce kyauta. Wizz Air, wanda hedikwatarsa ke Budapest, awonsu santimita 40 da 30 da 20 ne, nauyi kar ya wuce kilo 10. Ryanair na ƙasar Ailan sun daɗe a kan 40 da 25 da 20, sai a 2025 suka ƙara ya koma 40 da 30 da 20. easyJet sun fi sakin hannu, 45 da 36 da 20, har kilo 15. Kuma a Ryanair da easyJet awon nan ya haɗa da taya da mariƙi da aljihun gefe da duk abin da ya kumburo. Shawarata ka sayi jaka a kan 40 da 30 da 20 ka huta, za ta shige ma duka ukun. In ka lissafa lita 24 ke nan, ba yawa amma ta isa in ka iya shiri. Duk da haka ka riƙa duba shafin kamfanin ranar da ka sayi tikiti don suna canjawa.

Kar ka yarda da abin da aka rubuta a jikin jaka ko a intanet, ka tafi shago da tef irin na tela ka auna da hannunka. Kuma ka sake aunawa bayan ka cika ta, nan ne matsalar take, don tsawo da faɗi ba sa canjawa, kaurin nan na santimita 20 shi ne yake cin mutane, jaka in ta sha kaya sai ta yi ciki ta kai 25 ba ka sani ba. Shi ya sa na fi son jakar goyo mai taushi, mai kusurwa huɗu, wadda ake buɗe zif ɗinta har ƙasa kamar akwati, mai maɗauri a gefe da za ka ja ta matse. Mai taushi ko ta ɗan yi ƙiba ka danna ta shiga kejin, mai tauri kuwa ba ta da lallashi. Taya da sandar ja suna cinye wuri da nauyi a banza.

Batun kaya kuma, mu namu akwai wuyar shiri. Kaftani ɗaya na shadda da wandonsa in ka ninke shi yadda aka saba ya cinye kusan kashi ɗaya cikin uku na jakar, sai dai ka naɗe shi kamar tabarma ka kwantar a ƙasa. Hula kar ka kuskura ka cusa ta, za ta karye, ka ɗora ta a kai kawai. Rigar sanyi da takalmi mai nauyi a jikinka za ka shiga da su. Darduma akwai siririya ta tafiya da ke naɗewa ta koma kamar tafin hannu, ita nake ɗauka, da silifas na alwala a leda. 'Yan uwa mata, humra da man shafawa duk ruwa ne a wajen masu bincike, dokar mil 100 a kowace kwalba cikin farar leda mai lita ɗaya tana nan tun 2006, wasu filayen masu sabbin na'urori sun sassauta amma ba duka ba, kuma na taɓa ganin wata baiwar Allah ta tsaya tana kallon kwalbar humrar da mahaifiyarta ta haɗa mata ana jefawa a kwandon shara, idonta ya ciko, ba ta ce komai ba. A zuba a ƙananan kwalabe tun a gida.

Yanzu tsaro, wanda shi ne ainihin abin da ya sa na zauna rubutun nan. Ɗan ƙasar nan in fasfo ɗinsa ya ɓace, katin shaidarsa ma ya isa ya kai shi gida a cikin Tarayyar Turai. Mu masu koren fasfo in ya ɓace tare da katin izinin zama, kai, Allah ya kiyaye, sai zarya ofishin 'yan sanda da ofishin jakadanci, karatu ya tsaya, kuɗi ya tafi, iyaye a gida hankali ya tashi. Saboda haka fasfo da katin zama da katin banki ɗaya ba na sa su a jakar kwata-kwata, suna cikin wata siririyar jakar wuya a ƙarƙashin rigata. Hotunansu kuma suna waya da imel. Sai dai ka lura, jakar wuyan nan in ta fito fili ana iya ƙirga ta a jaka ta biyu, ta zauna a ciki.

Ita jakar kanta ka nemi mai zif biyu da kawunansu ke haɗuwa da rami, ka sa ƙaramin kwaɗo mai lamba. Na sani ana iya fasa zif da bakin biro, kwaɗo ba ya hana wanda ya samu lokaci, amma yana hana mai saurin hannu, kuma yawanci irinsu ne. Laftof da fawa bank su zauna a aljihun da ke manne da bayanka. Fawa bank dama ba a yarda ya shiga kayan ƙasan jirgi ba, a hannu ake riƙe shi, iyakar ƙarfin batir da aka saba Wh 100 ce, wanda aka rubuta mAh 20,000 a jikinsa yana wajen Wh 74 don haka ba matsala.

Inda na fi jin tsoro ma ba cikin jirgi ba ne, hanyar ce. Jiragen araha suna yawan sauka a filayen da ke nesa da gari, Bergamo maimakon cikin Milan, Charleroi maimakon Brussels, Beauvais da ke fiye da awa ɗaya daga Paris a bas, sau da yawa da tsakar dare ko da asuba, ga gajiya ga barci. A bas jakata a cinyata take, hannuna ɗaya cikin maɗaurin. In zan kwana a benci a filin jirgi ita ce matashina, zif yana ƙasa. Wajen bincike kuma ba na tura tiren laftof sai na ga layin gabana ya buɗe, don kar kayana su riga ni fita.

A cikin jirgin, ina tura ta ƙarƙashin kujera da bakin zif yana kallon ƙafata, don in ya kalli gaba wanda ke zaune can zai iya kai hannu, sannan na zura ƙafa ɗaya cikin maɗauri kafin barci ya ɗauke ni. Kuma ku kula wajen zaɓen kujera, layin farko da layin ƙofar gaggawa ba a barin komai a ƙasa lokacin tashi da sauka, dole jakar ta hau sama, wani lokacin ma layi uku ko huɗu nesa da kai in wurin ya cika. In nan aka ba ni, tun kan na miƙe nake cire waya da caja da magani na sa a aljihu, na danna kwaɗon, na ajiye ta a ma'ajiyar da ke ɗaya ɓangaren inda idona ke kai wa.